Tagar Inna

Shekarar da maigidana ya yi ritaya ce shekarar da muka rasa falonmu. Ba gobara aka yi ba, shiri ne kawai ya yi mana yawa.

Shi dai mutumin nan a sito ya ƙare ƙuruciyarsa. Ma'aji ne a wani kamfanin kayan gyaran mota tun yana saurayi har furfura ta gama da kansa, shi ya sa abokansa ba sa kiransa da komai sai Oga Sito. In ya ga kwali biyu a ajiye, hankalinsa ba ya kwanciya sai ya ɗora ƙaramin a kan babban, ya juyo da rubutun waje. Lokacin da yake zuwa aiki abin bai dame ni ba, can yake sauke wa yaransa. Da ya dawo zaman gida, sai gidan ya koma sito, mu kuma muka koma leburori. Ya shiga kicin ɗina ya jera gwangwanayen madara bisa ranar lalacewarsu. Ni da na tsufa a gaban tukunya, wai ni ake koya wa cewa kayan da suka riga shigowa su ake fara fitarwa.

Inna, mahaifiyarsa, da ke zaune tare da mu, ta ji wannan doka ta ce, "To ai shi ke nan. Ni na riga ku duka shigowa duniya, sai a fara da ni."

A danginsu, hutun ƙarshen shekara a gidanmu ake yinsa, saboda Inna. Ƙannensa su zo da iyalansu a cika gida fam, a ci a sha, a fasa mini kofuna, a watse. Ni tsarina mai sauƙi ne. In abin ya matso, saura kamar mako biyu, sai in nemi hutu a asibitin da nake aikin gwajin jini, a wanke labule, a kakkaɓe yanar gizo-gizo, a yi cefane. Haka nake yi duk shekara, kuma ban taɓa jin kunya ba.

Bara ne aka samu matsala. Ƙaninsa da suke kira Injiniya ya zauna a doguwar kujerarmu, ta ɗan lotsa da shi, ya daki hannunta ya ce, "Yaya, falon nan naka ai gidan tarihi ne. Kujerar nan ta san ni tun ina ɗalibi." Kowa ya yi dariya, har da maigidan. Amma ni na san dariyar mijina. Wannan iyakarta haƙori.

Saboda haka bana, tun da sauran wata biyar, na dawo daga aiki na tarar da masu fenti sun fitar da komai tsakar gida.

Na ce, "Baban Auta, lafiya? Tashi za mu yi?"

Ya ce, "Shirin hutu ne."

"Wane hutun?"

"Hutu nawa muke da shi?"

Na kalli kalanda, na kalle shi, na wuce ciki na ajiye jakata. Wani abin in ka tanka ma ka ƙara masa ƙarfi ne.

Gaskiya dai a faɗe ta, falo ya yi kyau. An yi fenti ciki da waje. An kawo sababbin kujeru masu taushi, da kafet mai launin madara wanda ko kallonsa ka yi da ƙarfi sai ka ji kamar zai yi datti. An rataya labule masu nauyi har ƙasa, an zagaye silin da 'yan ƙananan fitilu masu kyaftawa, an kafa furannin roba a kowace kusurwa. Ranar da aka gama, muka tsaya a bakin ƙofa ni da Auta, 'yarmu da ke jami'a, muna ta santi. Har na fara tunanin wace ƙawata zan fara gayyata ta zo ta ƙone da hassada.

Sai ga maigida da naɗin leda a kafaɗa. Ya lulluɓe kujerun nan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗame da salatif. Ya shimfiɗa tsofaffin zannuwan gado a kan kafet. Ya ja labule ruf, wai kada rana ta ci launin kujeru. Ya fito da baya da baya, ya murza makulli, ya maƙala shi a ɗamararsa.

"Baban Auta, yaya haka? A ina za mu zauna?"

"Kaya in an gama haɗa su ba a barinsu a buɗe. Ga ƙura, ga rana, ga hannun yara."

Auta ta ce, "Abba, yaran wa? Ni ce fa ƙarama a gidan nan."

"Ke ɗin nake nufi."

Mu namu da sauƙi. Wadda abin ya taɓa da gaske ita ce Inna. Gwiwoyinta sun daɗe da hana ta fita, saboda haka duniyarta duka a tagar falon nan take, babbar tagar da ke kallon titi. Tana da tsohuwar kujerarta mai hannun katako a gefen tagar. Daga ta karya kumallo sai ta zauna, ba ta tashi sai da dalili. Ta san wanda ya sauya mota, ta san wanda ya fita da fushi ya dawo da ledar ban-haƙuri, ta san wace 'yar aiki ce ke tsayawa hira in an aike ta. In mun zauna cin abincin yamma, ita ce gidan rediyonmu, kuma labaranta sun fi na rediyon gishiri. Yanzu an kulle tagar, kujerar kuma an kai ta ɗakin Inna domin ba ta shiga da sababbin ba. Tagar ɗakin Inna kuwa ba abin da take kallo sai katangar maƙwabta da tankin ruwa.

Na zaci za ta yi magana. Ta leƙa falon kafin a rufe, ta gyaɗa kai ta ce, "Ya yi kyau, ɗan nan. Allah ya yi albarka." Da na same ta a ɗaki ina cika ina batsewa, sai ta kama hannuna ta ce, "Bar shi, 'yar nan. Maganar ƙaninsa ce ke cinsa. Ni na haife su, na san inda ke yi wa kowa ciwo. Wata nawa ne?"

Haka muka koma zaman lungu, wato ɗan siririn wurin da ke tsakanin kicin da ɗakuna. Talabijin ta hau kan firji, sai ka ɗaga wuya kamar mai kallon jirgi. In na ɗauko tire daga kicin, sai kowa ya naɗe ƙafa na wuce. Ƙofar gaba ta cikin falo take, don haka kowa ya koma shigowa ta baya, ta gefen igiyar shanya. Kuma sayayya ba ta tsaya ba. Katan-katan na lemon kwalba, buhun shinkafa, man girki, faranti na baƙi, duk an jibge a lungun, kowanne da rubutunsa yana kallon waje. Baƙo in ya zo, kan katan ake ba shi. Wata ƙawata ta zauna ta dubi hagu ta dubi dama ta ce, "Ashe kanti kuka buɗe ba ku faɗa ba?"

Shi kuwa gogan kowace safiya sai ya cire takalmi, ya buɗe falo, ya shiga da safa shi kaɗai kamar likita mai zagayen marasa lafiya. Ya shafa leda, ya kunna fitilu ya ga suna kyaftawa, ya kashe, ya fito fuskarsa fes.

Ni ina wuni a wurin aiki, don haka ban lura da wuri ba. Abin da na fara ji shi ne shirun da ake yi a kan abinci. Gidan rediyo ya rufe. Sai Inna ta fara barin rabin burodinta. Sai barcin rana, ita da take cewa barcin rana na malalata ne. Wata rana ta tambaye ni yau wace rana ce, na faɗa mata, kafin in kwashe kwanuka ta sake tambaya. Auta ta je tana tsokanarta kamar kullum, "Tsohuwa, kin ƙi ki bar mini ɗakin nan ko?" Da can sai Inna ta rama har Auta ta gudu. Ranar murmushi kawai ta yi.

Wata yamma na shiga na same ta ta juya kujerar tana fuskantar tankin ruwa.

"Inna, me kike kallo?"

Ta ce, "Akwai wani ƙadangare da ke hawa nan da hantsi. Yau shi ma bai zo ba."

Na yi dariya don kada ta ga fuskata, amma tsoro ne ya kama ni. A asibiti nake aiki, na sha ganin tsofaffin da ba ciwon komai a jininsu, amma suna ta yin ƙasa a hankali. Na fita na tari maigida a tsakar gida yana goge tayar mota.

"Baban Auta, ka buɗe wa Inna falon nan. Ko kusurwar tagar ce kawai."

"Ta ce miki tana so?"

"Sai ta faɗa? Ba ka ganinta ne?"

"Tsufa ne. Kuma ai saura kaɗan. In an buɗe kusurwa yau, gobe shayi ne a kan kafet. Don wa na yi gyaran in ba don ita ba? So nake in sun zo su ga inda uwarsu take zaune."

"To ai ba a nan take zaune ba!"

Ya yi kunnen uwar shegu da ni, ya ci gaba da goge taya. Na yi fushi, na yi lallashi, na yi kwana biyu ba na sa masa sukari daidai a shayi. Ko a jikinsa. Na yi tunanin sace makullin, amma mutumin da har wanka yake shiga da shi, ta ina za ka fara?

Ana nan, wata Asabar da hantsi, muna lungu ina tsince shinkafa shi yana sake jera katan ɗin da ya jera jiya, sai muka ji ana ƙwanƙwasa ƙofar gaba. Auta ta zagaya ta shigo da baƙon ta baya. Wani dattijo ne gajere, ya sha wankakkun kaya da guga, riƙe da ledar lemon zaƙi cike taf. Ba mu san shi ba. Maigida ya nuna masa katan, ya zauna a ɗarare, aka gaisa.

Ya ce, "Ku gafarce ni, ban san sunan kowa a gidan nan ba. Ni ne direban motar makarantar yara, rawayar nan da ke bi ta layinku da safe. Na daɗe ina son shigowa, nauyi ya hana ni. Matata ce ta ce rashin zuwan ya fi muni." Ya sunkuyar da kai. "Ya ƙarin haƙuri?"

Maigida ya ce, "Haƙurin me fa?"

"Na tsohuwa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

Tiren shinkafa ya kusa suɓuce mini. Auta ta toshe baki da mayafi. Shi kuwa bawan Allah, da ya ga mun yi tsit, sai ya ɗauka baƙin ciki ne, ya ci gaba.

"Shekaru ke nan, kullum in na zo daidai gidan nan sai in ɗan taɓa hon sau biyu, ita kuma ta ɗaga hannu. Ko gaisawa ba mu taɓa yi da baki ba. Yaran nan har faɗa suke yi a kan kujerun ɓangaren tagarku, kowa yana so ya ɗaga wa Kaka hannu. To sai na ga an fito da kaya waje, an yi fenti, an sauke labule, shiru shiru ba ta. Na ce shi ke nan, an yi rashi, har an raba gado an gyara gida. Yaran suna ta tambayata, na ce musu ta yi tafiya. Wata ƙarama ta ce in ta dawo in gaya mata haƙorinta ya fita." Ya gyara riƙon ledar. "Wallahi har yau in na zo wurin sai hannuna ya kai kan hon, sai in tuna."

Maigida ya juya ya kalli ƙofar falon da ke kulle.

Sai muka ji ƙarar sanda, ƙwas, ƙwas. Ƙofar ɗakin ƙarshe ta buɗe, Inna ta fito da farin mayafinta tana dafa bango.

"Wace tsohuwa ce ta mutu a layin nan ba a gaya mini ba?"

Direba ya miƙe zumbur yana salati. Leda ta faɗi, lemo ya watse a lungu yana gangarawa ƙarƙashin firji. Ya ja da baya har ya bangaji katan ɗin faranti, na ce yau kam sai asibiti. Inna ta matso ta ƙanƙance ido ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Kai ne mai hon biyu?"

"Ni ne, Iya. Ni ne."

"Ikon Allah. Ashe gajere ne kai! A mota sai in gan ka wani ƙato."

Auta ta zube a ƙasa tana dariya har da hawaye. Ni ma na kasa riƙewa. Direba yana ba da haƙuri yana dariya yana share ido, ya rasa wanne zai fara. Inna kuwa ta kama shi da tambaya, muryarta ta dawo garau kamar an sauya mata batir. Ina yaron nan mai tabarau da ke manna hanci a gilashi? Tagwayen nan har yanzu suna dambe? Wace ce mai haƙorin?

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Maigidana yana tsaye a jikin firji, hannunsa a kan makullin ɗamararsa. Na zo wucewa ɗauko kofuna, ya riƙe gefen zanena ya yi ƙasa da murya.

"Da fa da gaske ne? Da a ɗakin can za a same ta, tana kallon tanki."

Na tanadi maganganu masu zafi na mako da makonni, ina jiran irin wannan rana. Da na ga idonsa, ko ɗaya ban iya faɗa ba. Tausayi ya ba ni.

Ya gyara murya ya ce, "Malam direba, taso mu koma falo. Nan ba wurin baƙo ba ne."

Ya murza makulli. Warin sabon fenti da leda ya buso mu. Ya shiga da takalminsa, abin da ya sa Auta ta zungure ni da gwiwar hannu. Ya fara fizge salatif yana yaye leda, ya tattare zannuwan gado ya wurgar a lungu. Sannan ya wuce ɗakin Inna ya cicciɓo tsohuwar kujerar. Direba ya tashi zai kama masa, ya ce a'a, shi zai kai. Ya zo da ita yana nishi, ya dire ta a kan kafet mai launin madara, daidai gefen taga. Ba ta shiga da komai na ɗakin ba, ta yi zaune a tsakiyar sababbin kujerun nan kamar baƙuwar ƙauye.

Ya ja labule gefe, nauyinsa ya dawo da shi. Ya sake ja, ya sake dawowa ya rufe rabin tagar. Sai ya jawo teburin gilashin da ko ni ba a yarda in taɓa ba, ya auna shi da ido, ya fasa, ya aiki Auta ta kawo masa katan. Ya hau ya zare labulen gaba ɗaya daga ƙarfensa. Haske ya cika ɗakin.

Inna ta taka a hankali ta zauna. Ta jingine sandarta, ta gyara mayafi, ta ɗora hannuwa a kan katakon nan da ya sha shafa har yana sheƙi. Ta zuba wa titi ido. Mai gyaran takalmi ya wuce yana buga akwatinsa. Wata mota ta yi ribas daga gidan da ke kallonmu. Sai ga matar mai kantin kan kwana ta fito shanya.

Inna ta matso da fuska jikin gilashi.

"'Yar nan, goyo nake gani a bayan yarinyar can?"

Na ce, "Eh, Inna. Ta haihu, namiji. Ai har ya fara wayo."

"Yaushe?"

"Ba a daɗe da gama fentin nan ba."

Ta bi yarinyar da kallo. Can ta ce, "Tun cikin bai fito sosai ba na gane, kafin ma mijin ya sani, daga yadda take taka matakala. Kullum ina cewa ina nan zaune za a wuce da ita asibiti, ina nan za a dawo da su." Ta girgiza kai. "Ashe har an dawo."

Maigida yana tsaye a bayanta, rungume da labule kamar wanda aka ba ajiya. Ya ce, "Inna…" sai ya tsaya. Ya sake cewa, "Inna, ki yi…"

Ba ta juyo ba. Ta ɗaga masa hannu ɗaya, idonta na kan titi.

"Yi shiru haka nan, ɗan nan. Ramuwa nake yi."